Tanadin Ranar Rabuwa: Dukiyar Ma'aurata da Hukuncin Saki a Ƙasar Sanyinna

Saki a shari'ar Musulunci yana kwance igiyar aure, amma ba ya raba dukiya gida biyu, domin tun farko auren bai haɗe ta ba. Abin da miji ya mallaka nasa ne, abin da mata ta mallaka nata ne, ko da sun shekara arba'in a gida ɗaya. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta tabbatar wa namiji abin da ya nema, ta tabbatar wa mace nata. A kan wannan tushe aka gina duk hukunce-hukuncen kuɗi da suka shafi rabuwa, kuma daga nan ne wata tambaya take tasowa wadda mutane ba su cika son yin ta a fili ba: shin ya dace Musulmi, namiji ko mace, ya yi wa ranar rabuwa tanadi alhali ana zaune lafiya, ko kuwa yin haka mugun fata ne ga auren da raunin tawakkali?

Sanyinna gari ne a ƙaramar hukumar Tambuwal, a kudancin jihar Sakkwato, kuma abin da ya shafe shi a wannan batu ya shafi Dogon Daji da Jabo da garuruwan ƙasar Kebbe irin su Kuchi. Arzikin yawancin gidaje yana cikin gona da rumbu da turke: gero, dawa, wake, shinkafa, albasa, tumaki da awaki. Kuɗi a hannu na zuwa ne da kaka, ko kuma daga magidantan da suka tafi cirani Legas, Ibadan, Abuja ko Fatakwal. Fiƙihun da ake karantawa a zaure kuma alƙalai ke hukunci da shi na Malikiyya ne, daga Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani zuwa Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Ƙarar aure na farawa a kotun shari'a ta ƙasa, ta hau zuwa babba, ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da riƙon yara da kyauta da gado. Sai dai mafi yawan saki ba ya ganin ƙofar kotu. Yakan ƙare ne da takarda mai layi biyu, ko da furuci gaban waliyyi, ko a zamanin nan da saƙon waya.

Masu ƙyamar tanadin suna da hujjar da ba za a raina ba. Aure, in ji su, ibada ne, kuma ana ɗaura shi da niyyar zama har mutuwa. Wanda ya shiga ɗaki yana duban ƙofar fita bai ba zaman zuciyarsa duka ba, kuma matar da ke ƙirga abin da za ta fita da shi ta riga ta sa ƙafa ɗaya a waje. Akwai kuma tsoron baki: ba a son ambaton mugun abu don kada a kira shi. Shi ya sa uwar da ta ce wa 'yarta ta riƙe shaidar abin da ta saya, sai a ce tana yi wa auren fatan tsiya.

Amma nassi bai goyi bayan wannan tsoro ba. Alƙur'ani da kansa ya yi wa rabuwa tsari filla-filla a Suratul Baƙara, daga aya ta 228 zuwa ta 241, ya kuma keɓe mata sura guda mai sunanta, Suratuɗ Ɗalaƙ. Littafin da ya tsara inda matar da aka saka za ta kwana da wanda zai biya ladan shayar da jaririnta bai ɗauki maganar a matsayin mugun baki ba. Aya mafi tsawo a cikinsa, ta 282 a Baƙara, umarni ce na rubuta bashi da kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin, mutanen da ake kyautata wa juna zato. Annabi Yusufu ya tara hatsin shekara bakwai saboda yunwar da ba ta zo ba tukuna. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, an umurci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Bahaushe ma da ke cewa aure rai gare shi ya yarda ke nan cewa yana iya mutuwa, kuma ba a taɓa cewa mai rubuta wasiyya yana kiran ajalinsa ba.

Inda iyakar take shi ne niyya da hanya. Auren da aka yanka masa wa'adi a wurin ɗauri ɓatacce ne a wajen mazhabobin Sunna. Matar da ke ɗibar hatsin rumbun miji a ɓoye tana sayarwa don ta tara jari ta ci abin da ba nata ba. Rangwamen da aka yi wa Hindu matar Abu Sufyan, a hadisin Buhari da Muslim, na ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta ne daga dukiyar miji mai maƙo, ba na tara abin gaba ba. Haka shi ma mijin da ya yi dabarar toshe haƙƙin mata, shari'a na mayar masa da dabararsa. Wanda ya saki matarsa yana cikin ciwon ajali, a wajen Malikiyya za ta gaje shi ko da idda ta cika, ko da ma ta yi wani aure, kuma Muwaɗɗa ta kawo yadda Halifa Usman ya ba matar Abdurrahman bin Auf gado a irin wannan hali. Tanadin da ya halatta, ke nan, shi ne kowa ya san abin da yake nasa, ya kuma iya tabbatar da shi.

Sadaki ne dukiya ta farko da aure ke sa wa mace a hannu. Mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku, kuma da yake dinari na kai nauyin giram 4.25 na zinariya, rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar kan bayyana kimarsa da naira tare da nisabin zakka. Idan an yi saki kafin tarewa, rabin abin da aka yanka ne nata, bisa aya ta 237 ta Baƙara. Bayan saduwa ya zama nata duka, kuma aya ta 20 ta Nisa'i ta hana miji karɓar komai daga ciki komai yawansa. A Masar da Sham an saba raba sadaki biyu, a biya wani nan take, a bar wani sai ranar saki ko mutuwa, ya zama wa mace madogara. Malikiyya ba ta yarda da jinkirin da ba a san ranarsa ba. In za a yi ajali, sai an faɗi lokaci sananne. Ga kuma al'adar neman albarka da ƙaramin sadaki. Sakamakon haka sadaki a ƙasar Hausa ba ya zama wata ajiya ta ranar rabuwa. Sau da yawa ma kafin amarya ta tare ya riga ya narke cikin kayan ɗaki, abin da fiƙihun ya amince da shi, tunda ya ɗora mata yin kayan ɗaki gwargwadon al'ada da abin da ta karɓa.

Saboda haka ainihin ajiyar macen karkara tana cikin ɗakinta. Gado da katifa, kwanuka da tukwane, kuloli, kujeru, keken ɗinki, wani lokacin 'yar akuya ko tunkiya da uba ko kawu ya bayar: waɗannan su ne abin da iyaye suka yi shekaru suna tarawa, kuma su ne abin da za ta fita da shi. Ranar jere gwaggwanni da innoni sun san adadin kowane kwano. Ranar kwashe kaya su ɗin ne dai ke dawowa da amalanke ko a-kori-kura, ɗaya na ciki tana miƙowa, ɗaya na bakin ƙofa tana ƙirgawa. Ba a faye jayayya a kan gado ko kwalla ba. Rigima na tashi ne a kan abin da ya shigo bayan tarewa: fankar sola, injin markaɗe, wayar hannu, buhu biyu na gyaɗa da ke jingine a zaure, da tunkiyar da ta zo ita kaɗai shekara shida da suka wuce, yanzu ta zama bakwai, ana kuma ciyar da su da harawar gonar miji.

Fiƙihu yana da ƙa'ida a nan, kuma ƙa'idar ce ta fi nuna amfanin tanadi. Idan ma'aurata suka yi jayayya a kan kayan gida babu shaida, abin da aka san mata kaɗai ke amfani da shi na matar ne bayan ta rantse. Abin da aka san na maza ne, da abin da maza da mata duka ke mallaka, na mijin ne bayan ya rantse, saboda gidan nasa ne. Wato duk abin da ke tsakiya, kamar dabbobi da hatsi da injin, yana karkata wajen miji sai in ta kawo shaida. Matar da ta sayi injin markaɗe da kuɗin adashinta, ba ta karɓi rasiɗi da sunanta ba, ba ta kuma nuna wa kowa ba don kunya, tana iya rasa shi a gaban alƙalin da bai zalunce ta ba ko kaɗan. 'Ya'yan tunkiya dai suna bin uwarsu a mallaka, amma sai an fara tabbatar da ta wace ce uwar. Shi ma uban da ya ba 'yarsa kaya a matsayin aro, ana karɓar maganarsa da rantsuwa ne cikin shekarar farko kawai, in bai kafa shaidu tun da wuri ba.

Kyauta tsakanin ma'aurata na da nata sharaɗin. A Malikiyya kyauta na lazimtar mai ita da furuci, kuma miji ba shi da ikon janye abin da ya ba matarsa don ya sake ta. Amma kyautar ba ta cika sai an karɓe ta a hannu. In mai bayarwa ya mutu, ko bashi ya cinye dukiyarsa kafin haka, ta ɓaci. Muhtasar ya ma keɓe gidan zama da magana: mijin da ya ce ya ba matarsa gidan da suke ciki, kuma ya ci gaba da zama a cikinsa, ba a ɗauka ta karɓa ba. Gayaunar da aka ce "na ba ki" a daren sulhu bayan biko, in ba a nuna iyakarta gaban mutane ba, magana ce da ke iya bin iska.

Sai ciyarwa. Abinci da tufafi da wurin zama wajibi ne a kan miji ko da matar ta fi shi arziki, kuma abin da ya wuce bai bayar ba alhali yana da hali bashi ne a kansa, saki ba ya shafe shi. Na lokacin da ba shi da komai ne kawai ke faɗuwa. Wannan ya shafi gidajen 'yan cirani kai tsaye. Mutum ya tafi bayan kaka, wata biyar babu aike, ya dawo ya ce ya aiko ta hannun wani direba. Maganar wa za a ɗauka? Hukuncin shi ne, in matar ta kai kuka gaban alƙali tun yana can, ana karɓar maganarta da rantsuwa daga ranar da ta kai ƙarar. In ba ta kai ba, maganarsa ce. Haƙurin da al'ada ke yabo a wajen mace, a nan yana rage mata hujja. Turo kuɗi ta banki ko ta masu POS ya sauƙaƙa wannan gardama ga ɓangarorin biyu, domin yana barin alama.

Bayan saki, abin da shari'a ta wajabta wa miji gajere ne. Idda tsarki uku ce ga mai haila, wata uku ga wadda ba ta yi, haihuwa ga mai ciki. A sakin da ake iya kome, matar na nan a matsayin matar aure: ci da sha da tufafi da ɗaki duk suna kansa, kuma in ɗayansu ya mutu ɗayan zai gaje shi. A sakin da ya yanke, kamar na uku ko na hul'i, Malikiyya ta ba ta wurin zama kawai, ban da ciyarwa sai in tana da ciki. Hanafiyya ta ba ta duka biyun, Hambaliyya ta hana ta duka biyun bisa hadisin Faɗimatu bint Ƙais. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita. Duk da haka abin da aka saba gani shi ne ta yafa mayafi ta nufi gidan iyaye a ranar, wani lokacin don an kore ta, wani lokacin don zuciya. Da wannan fitar, ciyarwar wata uku ta koma wuyan tsohon da ya riga ya sayar da dabbobinsa ya yi mata kayan ɗaki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa a Nurul Albab saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma jajin 'Yan Taru na Nana Asma'u sun yi ta kai karatu ƙauyuka don magance wannan. Babin idda na cikin inda gyaran bai gama kaiwa ba.

Akwai kuma kyautar daɗaɗawa, wadda littattafai ke kira mut'a, da aka ambata a aya ta 236 da ta 241 ta Baƙara: abin da miji zai ba matar da ya saka gwargwadon ƙarfinsa don rage mata zafin rabuwa. Malikiyya ta ce mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta. Shafi'iyya ta ce wajibi ce. Da yake babu tilas, kusan ta ɓace daga aiki, har magidanta da yawa ba su taɓa jin sunanta ba.

Idan mace ce ke neman fita, lissafin ya juya. Hul'i fansar kai ne, kuma asalinsa matar Sabit bin Ƙais ce, wadda ta mayar da gonar da ya ba ta sadaki. Malikiyya ta halatta a yi shi da daidai sadakin, ko ƙasa da shi, ko sama. Wannan ƙofa ce wasu mazan ke bi su zo kotu da doguwar takarda: lefe, kuɗin gaisuwa, goron tambaya, toshin salla, har kuɗin mota. Matar da ba ta da ko akuya sai ta zauna a auren da ta ƙi, ko danginta su ci bashi, ko wani bazawari ya biya a asirce ta fita daga wani nauyi ta shiga wani. Amma Risala ta faɗi hukuncin da ya kamata kowane waliyyi ya sani: in ta tabbata cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, za a mayar mata da abin da ta biya, sakin kuma ya tabbata. Ana karɓar shaidar ji daga maƙwabta a kan cutarwar. Wadda ke da shaidar duka ko yunwa ma ba ta buƙatar fansa, alƙali na iya raba auren ba ta biya ko kwabo ba.

Riƙon yara shi ne inda al'ada ta fi nisa da littafi. A Malikiyya uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta yi aure ta tare. In ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon na komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin a zo kan kakar wajen uba da uban kansa. A duk tsawon lokacin ciyarwa da tufafi na kan uba, kuma wadda aka yi wa saki yankakke tana da ladan shayarwa bisa aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ. A aikace kuwa, da an yaye yaro sai a ce a kai shi gidan ubansa. Dalilin yakan zama na aljihu: uban ya fi son ya ƙara cokali a tukunyar gidansa da ya riƙa aika kuɗi duk wata, uwar kuma ta san ko alƙali ya yanka, karɓa wani aiki ne, ga farashin tiyar gero ba ya tsayawa inda hukuncin ya bar shi.

Ganin gajartar waɗannan haƙƙoƙi ne ya sa matan karkara suka daɗe da nasu tsarin, ko da ba su kira shi tanadin saki ba. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, daddawa, surfe, kitso, ɗinki, duk daga cikin gida, yara na kai talla. Ribar na shiga adashi, kwasar adashi na zama akuya, awaki su zama saniya ko 'yan kunnen zinariya. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Shari'a ba ta ba miji iko a kan wannan dukiya ba, illa abu ɗaya da Malikiyya ta keɓanta da shi: yana iya hana kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta, amma ba ya hana ta saye da sayarwa. Faɗuwar naira ta ƙara nuna hikimar ajiye dabba da hatsi: dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma wadda ta kwashi adashi a ƙarshen zagaye ta karɓi kuɗin da ba ya sayen abin da ta farko ta saya. Hatsarin da ya fi yawa dai shi ne rancen cikin gida, inda miji zai karɓi kuɗin tunkiya don sayen taki da alkawarin biya da kaka. Bashi ne cikakke a shari'a, kuma shi ne irin wanda ba a rubutawa.

Abin da ya rage ba a warware ba shi ne gumin da ba a biya. Matar da ta shekara ashirin tana sussuka da casa da kiwon dabbobin miji, har gona ɗaya ta zama huɗu, a zahirin mazhaba tana fita ne da kayan ɗakinta da suka tsufa. Malaman Malikiyya na Maroko sun fuskanci wannan tun ƙarni na 16, lokacin da Ibn Ardun ya yi fatawa cewa matan ƙauyukan duwatsun Gumara da ke aikin gona tare da mazansu suna da rabo a abin da aka samu. Wasu malaman Fas sun yi masa raddi, amma an yi aiki da fatawar a yankunan da al'adar ta tabbata. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta bar dukiyar kowa a hannunsa, sai sashe na 49 ya ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya daban a kan abin da za su tara tare, kuma ta sa miji ya ajiye haƙƙoƙin mata da yara a kotu cikin kwana 30 kafin a ba shi izinin saki. Masar, a dokar 1985, ta mayar da mut'a tilas ga wadda aka saka ba da yardarta ba kuma ba da laifinta ba, aƙalla kimar ciyarwar shekara biyu. Hujjar duka biyun ita ce shugaba na da ikon zaɓar ɗaya daga maganganun malamai ya mayar da ita doka. A arewacin Najeriya an taɓo batun a 2017, lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya sanar da shirin dokar iyali, aka kuma yi ta muhawara a kai. A ƙasar Tambuwal da Kebbe, alƙali na iya kiran ɓangarorin zuwa sulhu a kan irin wannan gumi, kuma abin da suka amince da shi gaban shaidu ya zama lazimi a kansu. In miji ya ƙi, sai abin da matar ta iya kawo wa shaida.